Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Shirin tufafi domin yawon jirgin ruwa zuwa ƙasashen sanyi

A zamanin nan gidaje da yawa suna da ɗa ko 'ya a Turai ko Amurka, waɗansu suna karatu, waɗansu kuwa suna aikin asibiti ko na koyarwa. Sa'ad da yaro ya sami buɗi, yakan so ya faranta wa iyayensa rai. Wata kyauta da 'ya'ya suke yi yanzu ita ce su biya wa iyaye kuɗin yawo cikin babban jirgin ruwa, a je a ga ƙasashen da suke can ƙuryar arewacin duniya, kamar su Norwe, da Aislan, da tsibiran Sikotilan, da Alaska. Sai saƙo ya zo gida, "Baba, Mama, ku shirya. A watan Yuli za mu tafi, lokacin zafi ne a can."

Wannan magana ta "lokacin zafi" ita ce takan ruɗi mutane. In an ce wa mutumin Kano ko Sakkwato zafi, watan Afrilu yake tunawa, sa'ad da ake kwana a tsakar gida da mafici a hannu. Sai Baba ya cika akwati da shadda da silifas, Mama ta cika nata da atamfa da leshi. Kwana biyu da tashin jirgi, ga duwatsu da teku da aka biya kuɗi mai yawa domin a gani, amma tsofaffi suna ƙudundune cikin bargo a ɗaki, suna leƙe ta taga. Kuɗi ya tafi, kallo bai samu ba, wani lokaci har a komo da tari. Abin da ya jawo haka kuwa ba wani abu ba ne, abin da aka zuba cikin akwati ne tun daga gida.

WACE IRIN TAFIYA CE?

Bari mu ɗauki hanya guda mu bi ta, domin mu ga abin da jiki zai tarar. Sananniyar hanya ita ce ta gaɓar tekun Norwe, wadda ake kira Hurtigruten. Wani matuƙin jirgi mai suna Richard With ya fara ta a shekarar 1893, yana kai wasiƙu da kaya da mutane zuwa garuruwan arewa. Yau jiragen sukan tashi daga birnin Bergen, su tsaya a tashoshi 34, har su kai Kirkenes kusa da iyakar Rasha a rana ta bakwai, sa'an nan su juyo. Zuwa da komowa kwana 12 ne. Tun shekarar 2021 wani kamfani mai suna Havila shi ma yana bin wannan hanya. Ban da su akwai manyan jiragen shaƙatawa masu ɗaukar dubban mutane, waɗanda sukan taso daga Ingila ko Jamus ko Holan su zo su zaga waɗannan wurare.

Abin da ake zuwa kallo shi ne fiyod, wato wurin da teku ya kutsa can cikin ƙasa, ya zama kamar dogon kogi mai zurfi, ga duwatsu tsaye dama da hagu, ruwa yana zubowa daga bisansu. Wanda ya fi suna shi ne na Geiranger, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren gado na duniya a shekarar 2005. A rana ta huɗu jirgi yakan ƙetare layin da masu taswira suke kira Da'irar Aktik. A rana ta biyar yana Tromso. A rana ta shida yana Honningsvag, inda ake shiga mota a tafi Nordkapp, wani tsauni mai tsawon mita 307 da yake tsaye a bakin teku. Daga kansa in ka dubi arewa, ba gari, ba itace, sai ruwa.

Ka lura da abu guda, ya mai karatu. Dukan abin kallon nan a waje yake. Ba a ganinsa sosai sai mutum ya fita saman jirgi ya tsaya cikin iska, ko kuwa ya sauka ya taka ƙasa. Saboda haka tufafin da za su bar ka ka tsaya a waje awa guda ba tare da rawar ɗari ba, su ne ainihin tikitin tafiyar.

ZAFINSU ƊARINMU NE

A Bergen, a watan Yuli, ma'aunin zafi yakan tsaya wajen digiri 19 da rana, ya sauka wajen 12 da dare. A Tromso yakan yi wajen 15 da rana, 9 da dare. A Nordkapp kuwa, in hazo ya sauko, yana iya yin ƙasa da 10 ko da tsakar rana. Wanda ya taɓa kwana a Jos ko Pankshin a watan Janairu ya san wannan. Wato tsakiyar zafinsu daidai take da safiyar hunturunmu. Haka abin yake a Aislan da Alaska da tsibiran Shetland.

Amma fa ba kullum ba. A watan Yuli na shekarar 2019 zafi ya wuce digiri 33 a Bergen. Rana ɗaya tana iya farawa da hazo, ta yi zafi da azahar har a tuɓe riga, ta ƙare da ruwan sama. Cikin jirgin kuma da ɗumi kamar ɗakin mai jego. Mutum yakan shiga ya fita sau goma a yini, kowace shiga da fita kuwa sauyin yanayi ce.

Sanyin can ya bambanta da namu ta hanya biyu. Ta fari ita ce iska. Jirgin yana tafiyar kimanin kilomita 28 a awa, ko da iskar teku ba ta kaɗawa. Wanda ya hau babur da asuba cikin hunturu ya san bambancin tsayuwa da gudu. Fatar mutum takan ɗumama 'yar iskar da take manne da ita, iska mai kaɗawa kuwa sai ta riƙa share ɗumin nan, jiki ya yi ta ɓarnar ƙarfinsa yana sake ɗumama wata.

Ta biyu ita ce ruwa. Ɗarinmu busasshe ne, nasu jiƙaƙƙe. Ruwan saman da yake sauka a Bergen cikin shekara ya wuce milimita 2,200, wato ya ninka na Kano fiye da sau biyu, ana kuwa yinsa fiye da kwana 200 a shekara. A Ketchikan ta Alaska ya ma fi haka. Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki fiye da yadda iska take yi wajen sau 25. Digiri 12 da busasshiyar riga abin jurewa ne. Digiri 12 da jiƙaƙƙiyar riga cikin iska hatsari ne.

DABARAR HAWA UKU

To, me za a yi? Mutane da yawa sukan ce, "Sai in sayi ƙaton kwat guda mai nauyi, shi ke nan." Wannan ba dabara ba ce. Ƙaton kwat yana da hali biyu kaɗai: ko ka sa shi ka yi gumi, ko ka tuɓe shi ka ji ɗari. Ga shi kuma ya cinye rabin akwati.

Dubi kaza da safiyar hunturu. Takan tayar da gashinta har ta yi kamar ta kumbura. Ba gashi ta ƙara ba, iska ta tara a tsakanin gashin, iskar nan kuwa ita take riƙe ɗumin jikinta. Haka tufa take. Ba kaurin riga yake ɗumama mutum ba, iskar da rigar ta kulle ce. Riguna uku marasa kauri sun fi guda mai kauri, gama tsakanin kowace riga da 'yar'uwarta akwai iska a kulle, kana kuma iya rage guda ko ka ƙara guda yadda rana ta juya.

Wani ɗan Norwe mai suna Roald Amundsen ya koyi wannan darasi wurin masu shi. Tsakanin 1903 da 1906, sa'ad da yake ratsa tekun ƙanƙara na arewacin Kanada cikin ƙaramin jirginsa Gjoa, ya zauna hunturu biyu kusa da mutanen Inuwit na kabilar Netsilik. Ya ga suna sa tufafin fata hawa-hawa, sakakku, waɗanda iska take zagawa a ciki, gumi kuma yana samun hanyar fita. Bai raina su ba, ya koya. Da irin wannan sutura ya kai tsakiyar ƙuryar kudancin duniya ran 14 ga Disamba, 1911, shi ne na fari, ya kuma komo da mutanensa duka lafiya. In ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma ka nemi taka.

Hawa na fari shi ne wanda yake taɓa fata. Aikinsa ya janye gumi daga jiki. A nan ne za a yi hankali da auduga. A ƙasarmu auduga sarauniya ce, domin tana shan gumi ta riƙe shi, ta sanyaya jiki. Abin da ya sa muke sonta a nan shi ne ya sa ta zama abokiyar gaba a can. Singiletin auduga in ta jiƙe da gumi wajen hawan tudu, da an tsaya sai ta yi sanyi kamar an manna wa mutum jiƙaƙƙen tsumma a baya. A nemi rigar ciki mai dogon hannu da dogon wandon ciki masu kama jiki, na ulu mai laushi ko na foliyesta. A duba ɗan ƙyallen da yake wuyan rigar, a nan ake rubuta irin zaren.

Hawa na biyu shi ne mai tara ɗumi. Suwaitar ulu ce, ko rigar nan mai laushi kamar bargo da ake kira filis. Ulu yana da wata baiwa: ko ya sha laima yakan ci gaba da ɗumama jiki, ba ya kuma saurin yin wari. Domin haka masuntan Norwe suka riƙe shi tun kaka da kakanni. Filis ya fi araha, ba shi da nauyi, yana kuma saurin bushewa, amma iska tana ratsa shi kamar rariya in ba a rufe shi da wani abu ba. A zaɓi mai zif a gaba, domin a buɗe in an shiga ciki.

Hawa na uku shi ne garkuwa, wato rigar ruwa mai hula a haɗe, wadda take tare ruwa da iska gaba ɗaya. Mutanen teku sun daɗe da sanin darajarta. A shekarar 1877 wani matuƙin jirgi, Helly Juell Hansen, shi da matarsa, suka fara jiƙa yadi da mai a garin Moss na Norwe, suna ɗinka wa ma'aikatan jirgi rigunan da ruwa ba ya ratsawa. Na yanzu sun fi waɗannan sauƙi nesa ba kusa ba. Akwai irin yadin da yake hana ɗigon ruwa shiga amma ya bar tururin gumi ya fita. In da abu guda da za a kashe wa kuɗi a dukan tafiyar, to wannan rigar ce. Ta zama da faɗi yadda suwaita za ta shiga ƙarƙashinta, ta kuma sauko ta rufe ƙugu. Lema tana da amfani a cikin gari, amma a saman jirgi iska za ta juye ta kafin ka ƙirga goma.

ƘAFA, DA HANNU, DA KAI

Mutum yana iya rufe ƙirji sarai, ƙafa ta kore shi zuwa ɗaki. Daɓen saman jirgi yakan jiƙe, titunan tsohon garin Bergen na duwatsu ne masu santsi, saman tsaunin Nordkapp kuma tsakuwa ce. Takalmin fata mai sulɓin ƙasa, irin na zuwa ofis, shi ne mai kayar da tsoho. A nemi rufaffen takalmi mai tafin roba mai zane-zane, wanda ruwa ba ya shiga da sauƙi. A gwada shi da safa mai kauri a ƙafa, kada a gwada da ƙafa tsirara. Kada kuma a tafi da shi sabo fil. A yi mako biyu ko uku ana yawo da shi a gida, ya saba da ƙafa, in zai yi cizo ya yi tun a nan.

Safa ta zama ta ulu. Silifas suna da wurinsu, wato ɗakin kwana da wurin wanka. A ɗauki safar hannu mara kauri, gama ƙarfen da ake dafawa a bakin jirgi yana da sanyi ƙwarai. A ɗauki hular sanyi mai rufe kunne, da ɗan mayafin wuya. Waɗannan uku ba su cika aljihu biyu ba, amma su ne sukan raba mai kallo da mai gudu ciki.

KAYANMU NA GIDA FA?

Wani zai ce, "Ashe sai mu bar suturarmu mu koma Turawa?" A'a. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Sai dai a san lokacin kowace tufa.

Babbar riga ba ta saman jirgi ba ce. Iska tana wahalar da mai kayan kara, mai babbar riga ma haka. Takan cika da iska ta ja mutum, hannunta yana kama ƙarfe, gindinta yana harɗe ƙafa a matakala. Hular zanna ko ƙube kuwa, iska ɗaya ce za ta kai ta teku, ba mai tsayar da jirgi dominta. Kaftani mai gajeren tsawo yana yiwuwa, in an sa kayan ɗumi a ƙarƙashi, rigar ruwa a bisa.

Uwargida da ba ta saba da wando ba, kada ranta ya ɓaci. Ta sa dogon wandon ciki na ulu a ƙarƙashin zane ko siket, da doguwar safa, ba wanda zai gani. Sai dai zanen ya ɗauru sosai, kada kuma ya ja ƙasa, domin a waɗansu wurare babban jirgi ba ya iya matsawa gaɓa, sai an sauka cikin ƙaramin jirgi mai tangaɗi, ana buɗe ƙafa a taka. Siket mai faɗi ya fi zane sauƙi a irin wannan wuri. Ɗankwali ba ya rufe kunne, sai a sa hular ulu a ƙarƙashinsa ko a madadinsa.

Da maraice ne kayanmu suke da ranarsu. A jiragen gaɓar Norwe ba a tilasta wa kowa ado wajen cin abinci, tsabta kaɗai ake bukata. Amma a waɗansu manyan jiragen shaƙatawa akwai dare ɗaya ko biyu da ake yin ado na musamman, jirage da yawa kuma suna karɓar kayan gargajiya na ƙasar mutum a wannan dare. Kayan zuwa sujada ran Lahadi sun isa. Kaya ɗaya ko biyu, ba biyar ba. Su ne kuma za a sa in an sami zarafin shiga babbar majami'ar Nidaros a Trondheim, amma a riƙe suwaita, gama ginin dutse yana riƙe sanyi. A tuna kuma yawancin jirage sun hana dutsen guga a ɗakin kwana saboda tsoron gobara. Shaddar da ta sha sitati in ta yamutse sai an biya masu wanki na jirgi. A zaɓi yadin da ba ya saurin yamutsewa.

RANAR DA BA TA FAƊUWA

Arewa da Da'irar Aktik rana ba ta faɗuwa a tsakiyar shekara. A Tromso tun daga wajen 20 ga Mayu har wajen 22 ga Yuli tana sama dare da rana. A Nordkapp tun tsakiyar Mayu har ƙarshen Yuli. Ƙarfe goma sha biyun dare mutum yana iya karanta littafi a waje ba fitila. Wannan abin al'ajabi ne, mutane kuwa sukan fito su gani. Amma ranar tsakar dare haske take bayarwa, ba ɗumi ba. A lokacin ne ake bukatar hawa ukun nan duka, da hula da safar hannu.

Hasken yana hana waɗansu barci, sai a ɗauki ɗan ƙyallen rufe ido. A ɗauki baƙin tabarau kuma, domin walƙiyar rana a kan ruwa da ƙanƙara tana gajiyar da ido. Iskar teku tana busar da leɓe da fata kamar hunturu, ɗan gwangwanin man kaɗanya zai yi aiki ƙwarai. A cikin ƙasar Finnmark, wajen Kirkenes, akwai sauro da yawa a watan Yuli. Ba ya ba da zazzaɓin cizon sauro, amma yana cizo, dogon hannu da maganin shafawa suna taimako.

LISSAFIN KAYAN MUTUM ƊAYA NA KWANA 12

Rigar ruwa mai hula, 1. Wandon ruwa mara nauyi, 1, ga mai niyyar yawo a ƙasa.
Suwaitar ulu ko filis, 2, guda mai kauri, guda mara kauri.
Rigar ciki mai dogon hannu, 2. Dogon wandon ciki, 2.
Riguna na yau da kullum, 5 ko 6, biyu daga ciki masu gajeren hannu saboda ranar zafi.
Wando ko siket, 3. Wandon jins in ya jiƙe yakan kwana bai bushe ba, kada ya wuce guda.
Safar ulu, ƙafa 4. Safa mara kauri, ƙafa 3.
Kayan ciki na kwana 7.
Takalmin yawo, 1. Takalmin ado, 1. Silifas, 1.
Hular sanyi, safar hannu, mayafin wuya.
Kayan ado na maraice, 1 ko 2. Kayan barci masu dogon hannu, 1.
Ƙaramar jakar goyo, domin zuba abin da aka tuɓe.

Wani zai ga kamar kayan sun yi kaɗan. Jirage da yawa suna da ɗakin wanki, ana kuma iya wanke ƙananan kaya a ɗaki. Kamfanonin jiragen sama da yawa kilo 23 suke yarda wa akwati guda, ɗakin kwana na jirgin ruwa kuma ƙarami ne, akwatin yakan shiga ƙarƙashin gado ne. A naɗe tufafi kamar tabarma maimakon a ninke su, a cusa safa cikin takalmi. Abin da ya fi nauyi, wato takalmin yawo da suwaita da rigar ruwa, a sa su a jiki ranar tafiya. Miji da mata su raba kayansu cikin akwatunan juna, rabi nan rabi can, domin in akwati guda ya yi batan kai a filin jirgin sama, kada mutum ɗaya ya rasa kome. Jirgin ruwa ba ya jiran akwati.

Kada a cika sauran wurin da kilishi ko dambun nama ko man shanu. Dokar Norwe ta hana shiga da nama da kayan madara daga ƙasashen da ba na yankin Turai ba.

ABIN DA BA YA RABUWA DA KAI

A manyan jirage akan karɓi akwati a tasha, ba ya isa ɗaki sai bayan awoyi. A daren ƙarshe kuma akan ce a ajiye shi a bakin ƙofa kafin a kwanta. Wanda ya zuba kome a ciki zai wayi gari da kayan barci kaɗai. Saboda haka jakar hannu ta ɗauki fasfo da takardun tafiya, da dukan magungunan da ake sha kullum tare da takardar likita, da tabarau, da suwaita guda, da kayan sauyi na kwana ɗaya.

Akwai wata al'ada mai kyau ta mutanen teku. Kafin ka kwanta, ka rataye rigar ruwa da suwaita a wuri guda, takalmi da safa a ƙarƙashinsu, magani a aljihu, yadda hannunka zai same su ko cikin duhu. Ran 23 ga Maris, 2019, injunan wani jirgin shaƙatawa mai suna Viking Sky suka tsaya cikin hadari a gaɓar Norwe, da mutum fiye da 1,300 a ciki. Aka kwashe fiye da 470 da jirage masu saukar ungulu, ɗaya bayan ɗaya, sauran suka yi ta jira har aka ta da injin. Ba a rasa rai ba. Wannan ƙarshen hunturunsu ne, irinsa kuwa ba safai yake faruwa ba. Amma ya nuna dalilin da ya sa ake koya wa kowane fasinja inda zai taru in an busa ƙaho, ana kuma ce masa ya zo da kayan ɗumi. Rigakafi ya fi magani.

TSOFAFFI, DA YARA, DA MARASA LAFIYA

Zafin jikin mutum wajen digiri 37 ne. In ya sauka ƙasa da 35, an shiga hatsari. Alamunsa su ne rawar ɗari mai tsanani, da nauyin baki, da ruɗewa, da jin barci. Tsoho ba ya saurin jin sanyi ya kama shi, ƙaramin yaro kuma ba ya faɗa, wasa yake yi. Wanda yake tare da su shi zai riƙa taɓa hannunsu da bayan wuyansu. In an ga alama, a shigar da mutum ciki, a tuɓe masa jiƙaƙƙun kaya, a rufe shi, a ba shi abin sha mai ɗumi, a kira ma'aikatan jirgi.

Mai ciwon sikila ya yi hankali ƙwarai, gama sanyi da iska suna iya tayar masa da ciwo. Haka mai asma. Mai ciwon sukari kuma ya riƙa duba ƙafarsa kowane dare, domin takalmi yana iya ji masa rauni bai sani ba. Dukan waɗannan su ga likita tun kafin a sayi tikiti, su gaya masa inda za su da irin yanayin wurin.

INA ZA A SAMI KAYAN?

Norwe tana cikin ƙasashe masu tsadar kaya a duniya, kantin cikin jirgi kuma ya fi na gari tsada. Wanda ya bari sai ɗari ya kama shi kafin ya sayi suwaita, zai biya kuɗin da zai yi masa ciwo. Hanya mafi sauƙi ita ce ɗan da ya gayyace ku ya tanadi rigar ruwa da kayan ciki na ulu a can, ku aika masa da awonku. Sauran kuwa ana samunsu a nan wurin 'yan gwanjo, kamar a kasuwar Katako ta Jos ko Ƙofar Wambai ta Kano, gama yawancin dilolin daga ƙasashen sanyi suke zuwa. Ba abin kunya ba ne. A ja zif a gani ko yana aiki. A juya rigar ruwa a duba ɗinkin ciki, mai kyau akan manne bakin ɗinkinta da wani siririn tef. In an kai gida a sa ta, wani ya kwara ruwa da buta a kafaɗa. In rigar ciki ta jiƙe, to ba rigar ruwa ba ce, a nemi wata tun da sauran lokaci.

Mako guda kafin tashi, kowa ya sa kayansa hawa uku a gida, ya ɗaga hannu, ya sunkuya, ya zauna, ya hau matakala. Yara za su yi dariya, gumi zai zubo, amma a nan ne za a gane rigar da ta matse da wandon da ya yi gajere. Ku 'ya'ya masu gayyata kuma, kada ku ce wa iyaye "lokacin zafi ne" ku yi shiru. Ku ce musu, "Kamar Jos ne a watan Janairu, ga ruwan sama, ga iska." Da wannan za su gane, su shirya, su tsaya a saman jirgi da tsakar dare suna kallon rana da idonsu. Allah ya kai lafiya, ya komo da ku lafiya.